Yadda Jaridar Ƙunshe Ƙosai Ta Kai Ni Makaranta

Tunda Goggonku Hansatu, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ƙi daina ba jikokina labarin wai na taɓa yin yaji don babanku ya hana ni karatu, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro. Yaji kam na yi shi, ba zan musa ba. Amma dalilin da take faɗa ba shi ba ne, kuma marigayi babanku bai cancanci a ɗora masa abin da bai yi ba.

A shekarar da soja suka fara shirin komawa bariki su bar wa farar hula mulki, muna zaune a Makera, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, da wata bishiyar mangwaro da ta fi ba da inuwa a kan 'ya'ya. Babanku yana aiki a masaƙa a Kakuri, wani mako ya shiga da safe, wani mako da rana, jiniyar masaƙar ce agogon unguwa gaba ɗaya. Inna, mahaifiyarsa, tana ɗakin da ke maƙwabtaka da namu, ita da wata tunkiya da ta taho da ita tun daga Malumfashi, wadda take wa magana kamar mutum. Yayarku Uwani tana goye, ba a yaye ta ba tukuna. Ni kuwa ina suyar ƙosai a bakin zaure da sassafe, ma'aikata masu wucewa su saya su yi gaba. Na gama aji bakwai na firamare a Funtuwa kafin mahaifina ya rasu karatu ya tsaya. Turanci ina karanta shi da baki kamar aku, amma a tambaye ni me na karanta, sai in kama kallon ƙasa.

A ɗakin ƙarshe akwai Baba Yohanna da matarsa Mama Laraba, mutanen wajen Kafanchan. Tsohon akawun jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Ko ba ya zuwa ko'ina sai ya sa farar riga ya yi zanzaro, ya goge takalmi, ya zauna a gindin mangwaro da jaridarsa ta Turanci kamar mai jiran a kira shi ofis. In jaridun suka taru, sai ya ba ni in ƙunshe ƙosai. A bayan kowace akwai wani zane mai ƙananan akwatuna, farare da baƙaƙe, kuma kullum fararen a cike suke da haruffa masu kyau kamar na inji. Ban san mene ne ba, amma idona ya saba da shi. Sai na ga an fara barin rabi. Daga baya jaridun suka riƙa zuwa da akwatunan fes, ko ɗigon biro babu. Ranar da na je karɓar wasu, sai bakina ya riga hankalina.

"Baba, akwatunan nan naka sun daina cika."

Mama Laraba ce ta amsa daga bakin murhu. "Ido ne, Maman Uwani. Yana ce take rufe masa. Babban rubutu yana gani, ƙanana kuwa sai ya ga kamar tururuwa suna tafiya. Ya hana ni faɗa."

"Ban hana ki faɗa ba," in ji Baba. "Cewa na yi kada ki yi shela."

Na ce in yana so zan karanta masa. Ya ɗaga gira, ya miƙo mini jaridar. Na karanta layi guda, ina tuntuɓe da kowace kalma.

"Karatunki kamar jirgin kaya," in ji shi. "A hankali, da ƙara mai yawa, amma yana isa tasha. Jawo kujera."

Haka muka fara. Shi yana kiran wasan kuroswod. Kowane layin akwatuna yana da tambayarsa a gefe, amsar kalma ce guda, kuma dole haruffanta su yi daidai da yawan akwatunan, ba ragi ba ƙari. Wasu kalmomin a kwance suke, wasu a tsaye, inda suka gitta kuma harafi ɗaya suke rabawa, don haka in ka yi kuskure a ɗaya, maƙwabciyarta ce za ta tona maka asiri. Da hantsi, in na sauke kasko na wanke hannu, sai in zo in zauna, Uwani a cinyata. Baba ya kafa mini doka: ba zai ba da amsa ba sai na juya masa tambayar da Hausa, don ya tabbatar na fahimci abin da na karanta. In na kasa, sai ya tura ni cikin wani tsohon ƙamus da bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, ana ɗaure shi da robar tayar keke.

Wata rana tambayar ta ce macen tumaki, harafi uku. Na juya masa. Ya nuna wajen da nake zaune da haɓa, ya ce, "Yu."

"Ni, Baba?"

"Yu," ya sake cewa, fuskarsa a ɗaure.

Raina ya ɓaci, don na san "you" kai ne ko ke. Har na fara tattara zanena, sai Mama Laraba ta ce, "Kai dai ba ka girma. Waiga bayanki, 'yata." Na waiga, sai ga tunkiyar Inna tana cin gefen jaridar jiya. Ashe kalma ce daban, "ewe" ake rubuta ta, faɗarsu ce kawai ta zo ɗaya. Baba ya yi dariya har tabarau ɗinsa ya zame. Daga ranar tunkiyar nan ta samu suna, har yaran gidan suna kiranta Yu, ita kuma tana waigowa.

Abin da ya kama ni a wasan nan shi ne yadda kalma ɗaya take da fuska biyu. Ranar da na gano "bank" banki ne kuma gaɓar kogi ce, na ƙagu babanku ya dawo in faɗa masa. Yana cire takalmi na ce masa kogin Kaduna yana da banki biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta ƙetare. Ya dube ni ya ce, "To mu da muke kusa da na nan, me muke jira?" Akwai kuma wasu kalmomi da Baba ya ce ba su da gida ko'ina a duniya sai cikin akwatunan, gajeru ne, suna shiga kowane lungu, masu haɗa wasan suna son su kamar yadda mai miya ke son daddawa. Irin su "ire", wato fushi, da "ere", wato kafin. Ni dai duk abin da ya faɗa haddacewa nake, ban san wacce ce mai rai wacce ce gawa ba.

Inna ba ta ce komai ba da farko, sai dai tari. Tana da wani tari da ba na ciwo ba, wanda take yi in tana so ka san ta gan ka. Sai Goggonku Hansatu, da ke aure a Nasarawa, ta zo wuni ta tarar da ni a gindin mangwaro da biro a hannu. Kafin ta tafi ta raɗa wa Inna abin da kowa a gidan ya ji: "Yau jarida, gobe coci." Washegari Inna ta ɗauko kujerarta 'yar tsuguno da faifan wake, ta dasa tsakanina da Baba Yohanna. Gadi ta zo yi. Baba ya gaishe ta da ladabi, ta amsa a taƙaice, muka ci gaba a ɗarare. Na karanta tambaya, na juya da Hausa kamar yadda doka ta ce: yana da haƙora amma ba ya cizo, harafi huɗu. Baba ya kama taɓa goshi yana neman amsa.

"Mataji," in ji Inna, ko kai ba ta ɗaga daga waken ba.

Baba ya tafa hannu. "Comb! Wallahi shi ne, Inna. Rubuta, 'yata."

Inna ta ajiye faifai. "Au, wai dama kacici-kacici kuke yi? Shi ne kuke ɗaure fuska kamar masu shari'ar gado? To ai ba haka ake yi ba. Wanda ya kasa, gari yake bayarwa. Malam Yohanna, ka kasa. Ba ni gari."

"Na ba ki Kafanchan."

"Garinku za ka ba ni don ka riƙa zuwa kana karɓewa? Ba na so."

"To na ba ki Legas."

"Yawwa. Na ci Legas."

Da nake rubutawa Baba ya ce in sa "b" a ƙarshe, ko da yake ba a faɗarsa. Inna ta tambayi amfanin harafin da ba ya magana. Baba ya ce haka Turawa suka gada, in babu shi kuma akwati ɗaya zai zauna babu kowa. Ta yi tunani, ta ce, "To wannan ɗana ne. Yana nan, ba ya cewa komai, amma in ba ya nan gidan bai cika ba." Tun daga ranar gadi ya ƙare. Ni in karanta in juya, Inna ta cinko amsar da Hausa, Baba ya nemo ta da Turanci, ni in gwada ko za ta shiga. Ashe tsohuwar nan tun tana yarinya ba a kayar da ita a kacici-kacici. Kafin damina ta yi nisa ta ci Legas, ta ci Kano, ta ci Fatakwal, har babanku yana cewa duk jam'iyyun ƙasar babu wadda ta kama garuruwa kamar Inna.

Lokacin kuwa siyasa ta kankama. Motoci masu lasifika suna zagaya Makera da Kakuri daga safe har yamma, kowa da waƙarsa. Babanku da Baba Yohanna ba jam'iyyarsu ɗaya ba, in suka zauna da rediyo bayan la'asar sai ka rantse za a raba gari, can kuma ka ji suna raba goro. Masu haɗa wasan jaridar ma sun shiga yayi, kalmomin zaɓe suka cika akwatuna. Da na gaya wa Inna "party" jam'iyya ce kuma shagalin biki ne, sai ta ce shi ya sa take jin kiɗa ya fi magana yawa. Da Baba ya ce "poll", wato zaɓe, asalinta kai ne, don kawuna ake ƙirgawa, sai ta ce, "Ashe jangali za a yi mana."

'Yar Baba, Rifkatu, malamar firamare ce a unguwar Television, takan biyo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, da jakar hannunta da takalmi mai tsini, yaran gida suna rugawa suna "Anti, Anti!" Ita ce ta zauna ta saurare mu wata rana, sannan ta ce ana neman malamai ido rufe, kuma akwai kwalejin horon malamai ta mata a kan hanyar Zariya da ke ɗaukar matan aure in sun gama firamare. Karatun shekara uku ne, a can ake kwana, ana dawowa hutu, ba a zuwa da goyo. Na yi dariya na ce ina ni ina kwaleji. Baba bai yi dariya ba. Bayan kwana biyu, babanku yana zaune a tsakar gida yana shan koko, ni ina bakin murhu, sai na ji Baba ya ce:

"Malam, roƙo gare ni. Yarinyar nan kanta ya fi ƙarfin kaskon ƙosai. Ni ne zan fi kowa asara, don ita ce idona. Amma ka bar ta ta gwada jarrabawar nan."

"Ta je," in ji babanku.

Shi ke nan. Ko kofin bai ajiye ba. Ni da nake tsammanin za a yi mako ana ja, a kira manya, in yi kuka, a lallashe shi, sai ga magana ta ƙare kafin ruwana ya tafasa. Na kwana ina juyi. Mace za ta bar ɗakinta shekara uku, miji ko "bari in yi tunani" ba zai ce ba? Zuciyata ta ce mini ai gajiya ya yi da ke, hanya ce ya samu. Da safe, yana fita aiki, na ɗaure 'yan kayana, na goya Uwani, na hau bas na ƙetare gada sai Tudun Wada, gidan Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, wanda yake ɗinki a bakin titi.

"Ya doke ki?" in ji Kawu.

"A'a."

"Ya hana ki abinci? Ya zage ki?"

"A'a, Kawu."

"To me ya yi?"

"Ya yarda in tafi makaranta."

Kawu ya tsayar da keken ɗinki, ya dube ni ta saman tabarau. "Na yi sulhun aure da yawa a unguwar nan," ya ce, "amma yau na fara ganin wadda ta yi yaji don an ba ta abin da take so. Shiga ciki, ki gaida matar gidan."

Wannan shi ne yajin da Goggonku take ba da labari. Bikon ma ba a taɓa ganin irinsa ba. Bayan kwana biyu, ina cikin gida sai na ji yara suna shewa a waje. Na leƙa ta labulen zaure, sai ga babanku a kan keke ya jiƙe da gumi, ga Baba Yohanna a bayansa, da farar riga da zanzaro da malafa, ya rungume shi kamar ɗan makaranta. Tun daga Makera ya goyo shi. Kawu ya shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa. Baba ya ce shi ba dangi ba ne, amma tunda bakinsa ne ya jawo, ƙafarsa ce za ta gyara. Sannan Kawu ya juya ga babanku ya ce ga ƙarar da aka kawo: an ce ya yi saurin yarda. Kun san babanku da magana, sai an ciro ta kamar guga daga rijiya. Ya gyara zama a kan tabarma.

"Kawu, na san halina," ya ce. "In na kwana da magana, a'a nake tashi da ita. Da na ce bari in yi tunani, da na tuna bakin mutane a masaƙa, da na tuna ɗakin nan babu ita. Shi ya sa na ce to, tun bakina bai yi shawara da zuciyata ba."

Ni kuwa ina bayan labule, duk a kunnena. Sai Baba Yohanna ya yi gyaran murya, ya zaro jarida daga aljihu, ya ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

"Alhaji Isa, tunda mun zo, akwai wata kalma da ta tsaya mana tun ranar da aka tafi. Fushi. Harafi uku."

"Ire," na ce, kafin in tuna fushi nake yi.

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Da yamma na koma gida a bas, su kuma suka biyo baya a keke.

Saura Inna. Ita kam ta ce ba da ita ba. Wasa daban, in ji ta, raba ɗa da uwa don takarda daban. Ba ta daina zuwa gindin mangwaro ba, amma in an ta da maganar kwaleji sai tarin nan ya dawo. Babanku kuma ba zai tsallake maganarta ba, ni ma ba zan so ya yi ba. Ana haka ranar zaɓe ta zo. Mu mata wannan ne karon farko da yawancinmu za mu jefa ƙuri'a, don haka kowa ta ci ado kamar za a je suna. An kwana ana ruwa, filin makarantar firamaren da aka kai akwatinmu duk taɓo, layin mata ya miƙe har bakin titi, ana ta hira ana tsokanar juna. Da muka isa gaban tebur, sai muka tarar malamar zaɓen yarinya ce sa'ata, da mayafinta, da biro a soke a gefen ɗankwali. Ta duba rajista ta kira sunan Inna cikakke, ta ce, "Inna, kawo babban yatsanki," ta nuna mata yadda ake dangwalawa, ta tsawata wa wani ɗan jam'iyya da ya matso, shi kuma ya ja da baya sum-sum. Inna ta bi ta da kallo har muka fita.

A hanya sai duban tawadar da ke yatsanta take. Mun kusa gida ta tsaya a gefen kwata ta gyara zane.

"Muna yara," ta ce, "aka zo garinmu ɗibar 'yan mata za a kai makarantar boko. Babana ya saka ni a rumbu, ya rufe. Na wuni a cikin dawa ina atishawa. Da yamma ya fito da ni, aka yi ta yi masa barka. Ni ma har na tsufa ina ganin tsirar da ni ya yi." Ta ɗaga yatsan. "Na ci Legas, na ci Kano a hannun Malam Yohanna, amma sai da sa'ar 'yar cikina ta nuna mini inda sunana yake. Ki je. Uwani kuwa, takwarata, dama tawa ce, aro na ba ki."

Jarrabawar ban sha wuya ba a ɓangaren ma'anar kalmomi, lissafi ne ya kusa tona mini asiri. Sai aka kira mu ganawa ɗaya bayan ɗaya. Shugabar kwalejin wata Ba'indiya ce mai furfura, ta tambaye ni da Turanci me ya sa nake son koyarwa. Na tattaro duk abin da na tara a gindin mangwaro na zuba mata. Na ce "ere" in tsufa ina so in amfani yara, kuma ni ba mai yawan "ire" ba ce. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce wa ya koya mini wannan Turanci, masu yin sa ai sun daɗe a kabari. Na ba ta labarin jaridar ƙosai, da Baba, da Inna, har da tunkiya. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafinta, ta ce ita ma kullum sai ta cika nata akwatunan kafin ta karya. An ɗauke ni, da sharaɗin in dage da lissafi, in kuma koyi Turancin masu rai.

Na tafi a kwanakin da soja suka miƙa mulki, gari yana ta kaɗe-kaɗe. Inna ta riga ta ɗauke Uwani zuwa ɗakinta don yaye, kuma ranar tafiyar ta fita da ita tun da wuri don kada ta gan ni da akwati. Mama Laraba ta soya mini gyaɗa cike da kwalba. Na zaci Baba zai ba ni ƙamus ɗin nan, sai ya rungume abinsa ya ce sabon ɗalibinsa yana bukata, ya nuna babanku, wanda a aji huɗu ya tsaya.

Kada ku ɗauka abin ya zo a banza. A masaƙa an daɗe ana kiran babanku mijin-ta-ce, bai taɓa gaya mini ba, a bakin matar abokinsa na ji. Ya riƙa zama yana karanta wa Baba tambayoyi harafi-harafi, Inna tana cin garuruwa, amma da wuya su cika rabin akwatunan. Kafin in gama karatu idon Baba ya rufe gaba ɗaya, suka koma gida wajen Kafanchan, kuma ina gwajin koyarwa a wani ƙauye labarin rasuwarsa ya same ni. Ban samu na tsaya a gabansa da takardar shaidata ba. Makon farko a kwaleji kuwa nono ya cika ya yi mini tsami, ina zaune a aji rigata tana jiƙewa, ina rufewa da littafi, ina jin kukan yaro a inda babu yaro.

Da aka ba da hutun farko na sauka a Makera da jakar hannu da takalmi mai ɗan tsini, don haka 'yan kwaleji suke yi. Gida ya ɗauka, Mama Laraba tana guɗa, Baba yana cewa a kawo jarida maza. Ni idona yana kan ƙofar Inna. Sai ga Uwani ta fito, ta yi tsawo, an yi mata kitso, tana tafiya da ƙafarta tana surutu. Na durƙusa na buɗe hannu. Ta tsaya cak, ta koma bayan Inna ta riƙe zanenta.

"Je ki gaishe ta mana," in ji Inna. "Ba ki san ta ba?"

Ta leƙo. Ta dubi jakar, ta dubi takalmin, irin na Rifkatu sak. Sannan ta ɗan rusuna kamar yadda aka koya mata, ta ce, "Sannu da zuwa, Anti."

Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Na shiga ɗaki wai zan ajiye kaya, na yi kukana, na wanke fuska na fito. Inna ta matso ta ce a hankali, "Kada ki matsa mata. Zauna kawai inda za ta gan ki." Na zauna a gindin mangwaro, Baba ya miƙo jarida, na fara karantawa. Ban kai tsakiya ba na ji ɗan hannu yana jan biron. Na sakar mata. Ta hau cinyata da kanta, ta yi ta zane a cikin akwatunan Baba, farare da baƙaƙe duka, shi kuma da ba ya gani sosai yana ta tambaya me ya sa na yi shiru. A nan barci ya ɗauke ta, biron a hannunta.

Sunan dai bai tashi ba. Ku da kuka biyo baya kun taso kun ji tana faɗa, kuka ɗauka, 'ya'yanku ma suka ɗauka, har abokan aikina a makaranta suna tambaya ko riƙonku nake yi. Babanku ya taɓa cewa zai sa a gyara, na ce ya bari. Yarinyar da na tafi na bari ce ta raɗa mini shi, da ladabinta, a ranar da ta yarda ta hau cinyata. In kun kira ni Anti, amsawa nake da sauri.